Dabino Uku a Kwandon Hajja

Ina tsaka da juya kifi a kasko wayata ta soma kukan nan nata. Ban ko duba ba. Na san sugan Hajja Fawkiya ne ya sauka, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a saman benenmu.

Wata takwas ke nan da aka manna mata wani ɗan abu kamar maɓalli a damtse, mai auna suga. Ni na raka ta asibiti. Malamar asibitin ta yi ta bayani: in ya yi ƙasa da saba'in waya za ta yi ƙara, a ci abu mai zaƙi nan take. Da ta ji Hajja ba ta da kowa a Iskandariya, sai ta haɗa abin da wayata.

"To Nagat, an ɗaura mana aure," in ji Hajja a hanyar gida. "Ko marigayi mijina bai taɓa sanin abin da ke cikin jinina ba."

Gwiwoyina ba sa shiri da matakala, ita kuma ta tsani a buga mata ƙofa. Sai muka yi dabara da kwandon da take zuro wa mai burodi, wanda kullum ke rataye daidai barandata. Waya ta yi kuka, in sa dabino uku, in girgiza igiya. In kwando ya hau, tana cikin hayyacinta. Sau da yawa murya ce ke saukowa:

"Ke, dabino ne wannan ko tsakuwa? So kike ki ƙarasa min haƙora?"

"Nawa ma suka rage, Hajja?"

"Biyu, kuma duk sun fi ki kunya."

Sai dai abin yakan yi ƙarya. In ta kwanta barcin rana ta danne damtsen, sai ya ce suga ya sauka alhali lafiyarta ƙalau. Malamar ta gaya mana haka, ta ce duk da haka a riƙa dubawa. Maganar farkon muka riƙe, ta biyun ta bi iska.

A makonta na ƙarshe ba ta da zance sai na teku. Ta leƙo da yamma ta ce min in sugan ya sauka, ji take kamar tana yarinya, kwance bisa ruwan teku a unguwar Anfushi, babanta na kiranta daga cikin kwalekwale, muryarsa na ta yin nisa.

"Daɗi gare shi, 'yar nan," ta ce. "Shi ya sa nake tsoronsa."

Ran nan bayan azahar ne, lokacin barcinta. Na sa dabino, na girgiza igiya, na koma kan kifina. Ban tsaya na ga hawansa ba. Abin da na yi ke nan, ba zan yi masa kwalliya ba. Waya ta sake kuka, na ce a raina tsohuwa ta danne hannu. Sai da na kwashe kifi na fito shanya, na ga kwandon yana nan inda na bar shi.

Ban san yadda na hau matakalar ba. Na buɗe da makullin da ta ba ni. Ba a kwance take ba. Tana zaune a kujera gaban taga, fuskarta wajen teku, goshinta sharkaf da gumi mai sanyi, kamar mai sauraron wani daga nesa. Na kira ta, na kira motar asibiti. Kafin magariba ta cika.

Likita ya ce zuciya ce, ko da na hau da wuri ba lallai ta tsira ba. Na ji shi, amma har yau raina bai karɓa ba.

An yi kwana ukun ta'aziyya, an watse, an rufe ɗakin. Babu wanda ya tuna ya ja igiyar. Da safe na fito baranda da shayina. Iskar teku na kaɗa kwandon a hankali, dabinon uku suna ciki, wani ɗan tsuntsu ya sauka a bakinsa yana leƙe.