Abin da Yaya Rahinatu Ta Faɗa

Yahuza malamin sakandare ne a Wudil, amma da rubutu aka fi saninsa, irin rubutun nan da ba a gane kansa balle gindinsa. Ya taɓa yin littafin da ake farawa daga shafin ƙarshe. Ya yi wani da kogin Wudil ne yake ba da labarin. Masu karanta shi a garin ba za su cika mota ɗaya ba, shi kuwa ko a jikinsa, wai mutane ne ba su waye ba tukuna.

Na ukun ne ya jawo masa. Da mahaifiyarsu ta kwanta ciwon ajali, hankalinta ya riƙa gushewa tana sambatu. Wata huɗu Yahuza yana zaune a gefen katifarta, 'yan dubiya suna ta sa masa albarka. Ashe rubutawa yake yi. Duk abin da ya fito daga bakin tsohuwar ya kwashe, ya buga shi haka nan, babu aya babu waƙafi, ko sunaye bai sauya ba, wai sauyawa ha'inci ne. Wani malamin jami'a ya ce ba a taɓa yin irinsa da Hausa ba. Yahuza ya yi mako guda yana washe baki.

To, a ciki akwai wurin da tsohuwar take ce wa yayarsa Rahinatu: "Da ke ruwa ya ci aka bar mini Indo." Indo ƙanwarsu ce da ta nutse tun suna yara. Rahinatu ce mai wanke tsohuwar safe da yamma, ta ji maganar da kunnenta, ta haɗiye. Sai ga shi wata ta karanta littafin a waya ta tura wa mata. A gidan suna a Dagumawa Rahinatu ta sake jin maganar, mata suna satar kallonta.

Ba ta yi masa faɗa ba. Shekara shida gaisuwa kawai take haɗa su.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da ita, tsoro ya kama Yahuza. Abu ɗaya yake so, ya ji ta ce ta yafe. Kullum ya tashi daga makaranta sai ya hau babur zuwa gidanta a Dagumawa. Daga tsakar gida yana jin muryarta tana hira, da ya yi sallama sai ta rufe baki ta juya ta fuskanci bango.

Ran nan ya zazzage aljihunsa a gabanta, ya ajiye waya da biro a bakin ƙofa.

"Yaya, ba abin da zan rubuta. Don Allah ki yafe mini."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, ta lumshe ido. Ya fito yana kuka kamar ba babba ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar ta cika, yana zaure. Mijinta, Malam Haladu, ya fito ya dafa shi, ya ce ta yafe wa mutane ɗaya bayan ɗaya da sunansu, har maƙwabciyar da suka yi shekaru ba sa shiri.

"Malam, ni fa? Ta ambace ni?"

Malam Haladu ya sunkuyar da kai.

"Ta ambace ka, Yahuza. Ta yi magana mai tsawo a kanka."

"Me ta ce?"

"Ta sa na rantse ba zan faɗa maka ba. Ta ce kar a same ta a littafi."