Hannun Hagu a Kan Farantin Ƙarfe

Tun da na auri mutumin nan ban taɓa ganin ya zana abin da za a kira da suna ba. Ba mutum, ba itace, ba ko kaza. Launi ne kawai da layuka masu tasowa daga ƙasa ta hagu su miƙe sama ta dama, kamar ciyawar da iska ta kwantar. Maƙwabta Mai Fenti suke ce masa, wasu har sallama suke yi ya zo ya shafa musu ɗaki. Amma waɗanda suka san abin, daga bakin ƙofa suke gane aikinsa da wannan karkatar. Da ita muka ciyar da yara.

Sai shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo, hannun dama ya ce shi kam ya yi ritaya.

Ya koma ɗakin aikinsa da hagu. Burushi ya faɗi, fenti ya zube a wando, ni ce mai wanki. A hankali hannun ya saba, amma layukan sai suka juya, suna tasowa daga dama su nufi hagu. Matar da ke baje kolin zanensa ta zo ta duba, ta yi ta jera masa sannu da ƙoƙari, irin wadda ake yi wa yaro mai koyon tafiya.

Tana fita ya miƙo mini mabuɗi. "Wannan hannun baƙo ne," ya ce. "Ba zan sa sunana a kai ba. Ki zuba tarkacenki a ɗakin."

Ya koma gaban talabijin, ko aski ya daina. Na ji tsoro ƙwarai. Na san mijina, in ɗakin nan ya rufu shi ma ya rufu ke nan.

Na ɗauko zanen ƙarshe zan ɓoye a ɗakin kwana, don kada ya yaga. Ina giftawa ta gaban madubi na tsaya cak. A cikin madubin, layukan sun taso daga hagu sun miƙe dama. Hannunsa ne sak. Na kirawo shi, ya zo yana jan silifa, ya daɗe yana kallo.

"To, sai me?" ya ce. "Kowane zane sai mu haɗa wa mai saye da madubi?"

Na yafa mayafi sai shagon ƙanena, mai buga takardu. Na tuna yana da tsohon injin matsi na hannu a bayan shago, an jibge masa kwalaye. Ya bayyana mini cewa in aka zana da tawada a kan farantin ƙarfe, aka ɗora takarda mai danshi aka matse, zanen yakan fito a juye, dama ta koma hagu.

"Ai mijinki ya san wannan sarai, Yaya," ya ce. "Girman kai ne. Shi ne fa yake ce mini mai kalanda."

Washegari ƙanena ya zo da ƙarti suka shigo da injin, suka ɓare mana fentin ƙofa. Maigidan ya leƙo a fusace.

"Wa ya ce a kawo min wannan gawar?"

"Ni," na ce. "Ɗakin nawa ne yanzu, tarkacena nake zubawa."

Ƙanena ya bushe da dariya. "Ka zo mu haɗa jari, mijin Yaya, ka riƙa zana min fulawar katin biki."

Wannan tsokanar ce ta shigo da maigidan. Ya ture ƙanen nawa, ya ce a ba shi faranti ya nuna masa abin da ake kira aiki. Ya matso tawada baƙa da ja, ya yi ta ja da hagu, yana gogewa da tsumma, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya ɗora takarda, ya rufe da bargo, ya kama ƙafar juya injin. Ta ƙi motsi. Hannu biyu take so. Ya sake yunƙurawa har jijiyar wuyansa ta tashi, sannan ya saki ya sunkuyar da kai.

Ƙanena ya taso, na harare shi ya koma. Na ɗaura zani da kyau na kama. Wallahi abin ya fi niƙa nauyi, amma na juya har farantin ya fita ta ɗaya gefen.

Ya ɗaga bargon, ya kama gefen takardar da yatsu biyu ya ɓamɓaro ta a hankali. Layukan suka taso daga hagu suka miƙe dama. Ya tsura wa takardar ido, ni kuwa idona ya cika.

"Jan ya yi yawa," ya ce daga ƙarshe. "Kuma kin yi sauri a tsakiya, dubi nan."

Rabona da jin wannan ƙorafin tun kafin asibiti. Ya ɗauki fensir da hagu ya sa sunansa a ƙasa, a karkace, sannan ya jawo wani farantin.

"Kafaɗar taki za ta iya wani?"

"Kai dai zana," na ce.