Zaman Rabi'atu a Kan Inji

Duk wanda ya zauna a Fadaman Mada ya san ƙarar motar Rabi'atu. Ba wani kyau gare ta ba. Mijinta Babayo, Allah ya jiƙansa, shi ya sayo ta tsohuwa, ya cire kujerun baya, ya ƙara mata sifirin don ramukan hanyar ruga, sannan ya fidda injinta na fetur ya dasa mata na dizal. Inji ne mai sanyin jiki, ba ya gudu, sai dai ja kamar san noma. Da ya rasu aka raba gado, motar ta faɗo a rabon Rabi'atu da 'ya'yanta. Dama ya koya mata tuƙi. Kullum da safe sai ta bi rugage ta kwaso kindirmo da man shanu, ta raba wa masu fura a cikin gari. Da wannan ake cin tuwo a gidan, da shi yara ke zuwa makaranta.

To, Babayo yana da ƙane, Ikrima, saurayi mai tsayi da son a gan shi. Kun san dai tsakanin mace da ƙanin mijinta wasa ne, kowa ya faɗa wa kowa abin da ya ga dama, ba a fushi. Wata Juma'a ya shigo ya tarar da ita tana wanke ƙore, makulli na rataye a ƙusa.

"Matar Yaya, yau maigida zai fita da motarsa," in ji shi.

"Wane maigidan? Wanda ko butar kansa ba shi da ita?"

Ya yi dariya, ta yi dariya, ya zare makulli ya sa a aljihu yana kaɗa mata kai. Ta ɗauka zai jefo mata daga ƙofa. Sai jin tashin mota ta yi.

Ashe bikin abokinsa ake yi a Yelwa, samari sun shirya wasan mota. Ku dubi rashin ta-ido. Motar nono, motar marayu, ita ya kai aka kwance wa salansa don ta yi ruri, ya shiga fili yana juya ta, taya na hayaƙi. Tiyon lagireto ya fashe, ruwa ya tsiyaye, allurar zafin inji ta haura ja. Yana gani, amma 'yan mata na tafi, ina zai tsaya. Sai da injin ya buga. Da igiya aka ja ta zuwa garejin Habila, bakaniken da suka haɗa motar tare da marigayi.

Washegari Rabi'atu ta je. Habila bai ɓoye mata komai ba.

"Maman Hafiza, hanya biyu ne. Ko mu buɗe wannan, mu kai kiranshaf a yanka, mu sa sabon ringi da fistin. Zai ɗau lokaci, kuma sai na buɗe zan san ko gangar jikin injin ta tsage. Ko kuma a kawo wani injin a ɗora, nan da nan ki hau hanya."

"Irin nasa?"

"Irin nasa wuyar samu. In wani iri ne, sai na yanke ƙarafan da marigayi Oga ya yi wa walda, giya ma sai an canza. In na yanke kuwa, ba komawa."

Ta ce zai ji daga gare ta. Ba ta kai ga yanke shawara ba aka aiko cewa surukinta, Baffa Ya'u, yana kira a gidansa na Ɗan Iya. Mutanen nan asalinsu Fulani ne, kunyar surukuta a wurinsu ba abin wasa ba ce. Tunda aka kawo Rabi'atu gidan ba su taɓa haɗa ido da tsohon ba. Ta durƙusa a bayan ƙofar zaure, shi yana ciki yana magana da bango, Ikrima na gefensa ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki.

Wai yaro ya yi nadama. Wai har ya samo inji a wurin abokinsa, na fetur, mai filogi shida, an ciro shi daga wata motar da ta yi hatsari, kyauta zai ba da. Tsohon injin kuwa a miƙa wa 'yan gwangwan su auna. Baffa ya ji daɗi ƙwarai, ya ce haka ake son ɗa, in ya ɓata ya gyara. Sannan ya ce, "A tambayi uwar yara ko tana da magana."

Me za ta ce? Ta ce a hankali, "Duk yadda Baffa ya gani."

Kowace mace a garin nan ta san abin da wannan maganar ke nufi in aka faɗe ta da irin wannan muryar. Amma maza suka ce alhamdulillahi, ta yarda, aka shafa fatiha. Wanda ya fasa abu shi ya zaɓi yadda za a ɗinke shi, har ana sa masa albarka. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, wallahi. Kuma ba wanda bai san dalilin kyautar ba. Tun kafin a tashi daga zauren labari ya zaga majalisar samari cewa motar Ikrima za ta dawo da ƙarfin doki, bikin gaba sai dai a ba shi hanya.

Kada ku ce abin bai ja ta ba. Matan ruga sun aiko mata cewa wani mai babur ya fara zuwa da jarkoki yana kwashe nonon, kuma nono ba ya jiran mai shi. In ta karɓi injin Ikrima, kafin mako ya fita tana hanya. Sai dai ta san irin wannan injin shan mai gare shi kamar rijiya, duk abin da ƙwarya ta kawo a gidan mai zai ƙare. Wata biyu, uku, a ce sana'ar ba ta fita, a ce to a ba Ikrima motar ya riƙa lallaɓawa.

Ranar da za a yi aikin ta sa mayafinta ta hau keke. Ta tarar an sauke tsohon injin a kan wata tsohuwar taya, 'yan gwangwan sun iso da amalanke da sikeli, Ikrima na tsaye da baƙin tabarau yana nuna wa Habila inda zai yanke.  Ta ɗauki wani buhu ta shimfiɗa a kan injin, ta gyara zani, ta zauna.

"Matar Yaya, me ke nan? Baƙin mai zai ɓata miki kaya."

"Kai za ka wanke. Ba kai ne maigida ba?"

Masu gyara suka fara murmushi.

"Tashi mana, mutane na jira."

"Su auna ni tare da shi. Ko ka hau sikelin kai ma, mu ga ko za ka kai nauyin salansar da ka kwance."

Dariya ta tashi har daga garejin maƙwabta. Ikrima ya cire tabarau. "Wannan ai cin mutunci ne."

"A'a, wasa ne, ƙanena. Da wasa ka ɗau makulli, na yi fushi? Wasan nan namu ne mu biyu, ba naka kai kaɗai ba. In kana son motar juyi a gaban 'yan mata, ka ɗaura injinka a bayanka ka yi ta juyawa, ni zan zo in yi maka guɗa."

 In Ikrima ya yi fushi, shi ya karya wasan a gaban jama'a. Ya koma gefe ya buga wa Baffa waya. Ba a jima ba sai ga keke ya tsaya a bakin titi, tsohon ya sauko da sandarsa. Yana hango wadda ke zaune a kan injin ya tsaya cak, ya juya fuska wajen bishiyar dalbejiya. Ita ma ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ba ta motsa ba.

"Baffa, ka ce mata ta tashi," in ji Ikrima.

"Ni? In je in tsaya a kan surukata in ce ta tashi? Kana da hankali kuwa?"

"Ai ta yarda a gabanka."

 Tsohon ya yafito Habila, suka yi magana ƙasa-ƙasa, Habila na kwatanta masa da hannu yadda ake yanka ƙarfe. Can Baffa ya ce da bishiyar, da ƙarfi yadda za a ji, "Mai abu ya zauna a kan abinsa. A bar wa marayu injin ubansu." Ya hau kekensa ya tafi. 'Yan gwangwan suka tura amalankensu wayam.

Habila ya buɗe injin a gabanta. Allah ya taimaka gangar jikin ba ta tsage ba. Amma aikin ya ja, kiranshaf ya je wurin masu yanka ya daɗe, fistin sai da aka aika Jos. Ranar da motar ta tashi ta nufi rugar da ta fi ba ta nono, matan suka tarbe ta da gaisuwa mai daɗi da ƙore wayam. Sun riga sun yi alkawari da mai babur, su kuwa ba sa tashin magana. Ba ta ga laifinsu ba. Yanzu sai ta wuce su ta nausa can hanyar Dass, inda babur mai jarkoki bai kai ba tukuna, ta fita da sassafe ta dawo rana ta take. Ba wanda ya ce mata sannu da wannan ƙarin tafiyar a cikin dangin mijin. Ikrima kuwa har yau yana gaya wa mutane cewa ya yi wa matar yayansa alheri ta watsa masa ƙasa a ido, kuma akwai masu gyaɗa masa kai.