Kaset ɗin Taurarin Kawo

"Kar ka ja da ƙarfi, Yahya. Kaset ɗin nan ya girme ka," in ji Malam Aminu daga kan katifa, muryarsa da ƙyar take fita.

Yahya mai gyaran rediyo, maƙwabcinsa na jikin katanga a Kawo, ya ci gaba da naɗe zaren kaset ɗin da biro a hankali. Shekara ashirin suna sahu ɗaya a masallaci, amma bai taɓa sanin wannan dattijo mai carbi, tsohon akawun gwamnati, ya taɓa rataya jita ba. Sai yau, da ciwon ƙoda ya ci ƙarfinsa, asibiti suka ce a koma gida.

"Mu huɗu ne," in ji Malam. "Sunan ƙungiyarmu Taurarin Kawo. Ni a jita, Sadiq a ganga. Sai Mista Konan, Baturen ƙasar Ayalan mai koyarwa a sakandare. Shi ya zo mana da kiɗan ƙasarsu, goge da sarewar ƙarfe, muka gauraya da kiɗan rok na Turawa. Mutane suka ce mun haukace." Tari ya sarƙe shi. "Ƙanena Khalid ke waƙa, shi ke busa sarewar kuma."

Sau ɗaya tak suka ɗauki kiɗansu, a 1981. Bature ya koma ƙasarsu, Sadiq ya kama ɗinki har ya rasu, Khalid kuwa hatsarin mota ya yi ajalinsa a Katabu kafin shekara ta zagayo. Tun ranar Malam bai ƙara taɓa jita ba, kaset ɗin ma ya kasa saurara. Ko hoton ƙanen nasa babu.

"Muryarsa kawai nake son ji kafin in tafi. Na fara manta ta."

Yahya ya sa kaset a rediyo, ya danna. Aka yi ɗan shuu, sai ga muryar wani malami tana jan aya, wani yana fassarawa. Tafsiri ne.

Hansai, matar Malam, tana bakin ƙofa da kofin kunu. Ta dire shi a ƙasa.

"Innalillahi. Malam, ni ce. Wani azumi can baya kaset ya ƙare mini ina ɗaukar tafsiri a rediyo. Na gan shi a ƙasan akwati, ba rubutu a jiki. Na toshe ramukan da ke hana ɗauka da takarda, na ɗauka a kai. Wallahi ban sani ba."

Malam ya daɗe yana kallon silin.

"Ba komai, Hansai. Abin da ya fi alheri kika sa."

Amma hawaye ya gangaro masa har cikin kunne. Yahya ya ji takaici, ga shi ba wanda zai ɗora wa laifi.

Ya tafi da kaset ɗin shago. A sana'arsa ya san masu ɗaukar tafsiri kan kashe rediyo da zarar shiri ya ƙare, zare bai kai ƙarshe ba. Ya zauna yana bin fuska biyun kaset ɗin, aka ɗauke wuta ya koma batir. Bayan la'asar ya samu abin da yake nema, can a wutsiyar zaren. Ya fito da gudu, silifa ɗaya a ƙafa. A bakin zauren Malam ya ji salati da kukan mata.

Kafin magariba suka kai Malam makwancinsa.

Ranar uku Hansai ta aika a kira shi. Tana bayan labule, ta shiga takaba. Katifar Malam na naɗe, an jingine ta da bango.

"An ce ka samu wani abu."

"Kaɗan ne, Mama. Bai kai minti ɗaya ba."

"Sa mini."

Malamin tafsiri ya yi addu'ar rufewa. Aka ji ƙas. Sai goge ya ɓullo yana kuka, sarewa na bin sa, jita ta buga bugun ƙarshe. Wani saurayi ya ƙyalƙyale da dariya.

"Yaya Aminu! Ka ji yadda ya fito?"

Zare ya ƙare, maɓallin ya ɗago da kansa.

Can labulen ya ɗan motsa.

"Mayar da shi baya, Yahya."

Ya ciro biro daga aljihu, ya zura a ramin kaset ɗin, ya fara juyawa a hankali.