Ruwa Ya Shanye Hular Dogo

"Ki cire ni, na ce! Ni ba sandar awo ba ne!"

"To ai ban rubuta sunanka ba, Baban yara."

"Sai kin rubuta? Wa ke karkata hula haka a duk unguwar nan in ba ni ba?"

Ni dai ina zaune a falo ina tsintar shinkafa, kunnena a buɗe. Mai ihun ɗana ne, wanda ake ce wa Dogo. Kada sunan ya ruɗe ku, abokansa ne suka laƙaba masa don tsiya. A shagon askinsa sai ya taka ɗan benci kafin ya kai ƙeyar mutum. Ubansa ya gado, Allah ya jiƙan rai.

Matarsa kuwa injiniyar ruwa ce. Washegari za ta tsaya gaban mutanen unguwa ta nuna musu zanen da ta yi a kwamfuta. A ƙasa ta jera ambaliyar da kan zo duk bayan shekara biyu, da ta shekara goma, har ta shekara ɗari. A gefen hagu kuma tsayin ruwan ne da mita. To ta ce mutanenmu ba sa jin mita a jikinsu. Shi ne ta ƙara layin awo na biyu a gefen dama, ta tsayar da hoton mutum a jikinsa: gwiwa, ƙugu, ƙirji, hula. Mutumin da ta samu a kusa mijinta ne. Ta auna shi ne da sunan za ta kai masa ɗinki, yana ta murmushi yana ɗaga hannu.

Abin da ya tayar da ƙura, ruwan shekara goma ya shanye shi har hula.

Dogo ya ture ta daga kujera, ya kama ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, ya shiga lambobin gefen dama ya dagula su. Sai ga hotonsa ya miƙe zanƙalele kamar turken lantarki. Ruwan shekara ɗari ma iyakarsa gwiwa.

"Yauwa," in ji shi. "Yanzu aka yi zane."

"Ka mayar da kanka mita huɗu! Mutane su ga wannan su ce ai ruwan bai wuce gwiwar mai aski ba, su koma su yi barci? Dole dama ta yi daidai da hagu."

"To a auna ni da takalmi."

"Da takalmi na auna ka."

Na kusa zubar da shinkafar.

Ta gyara lambobin, Dogo ya sake nutsewa. Ta ce, "Shi ke nan, na cire ka. Mahaucin bakin titi zan sa, shi ai dogo ne na gaske."

"Ina kika san tsayinsa? Kina da miji za ki kai mahauci gaban jama'a? Wallahi ba a gidan nan ba!"

"A sa ka, ka ƙi. A cire ka, ka ƙi. To wa zan sa?"

Nan na ajiye faranti na kakkaɓe zani. "Ɗiyata, zo ki auna ni."

"Inna, ki zauna, ba ruwanki," in ji Dogo.

"Ruwan kowa ne, a unguwar nake kwana."

Na jingina da bango ba ko takalmi, ga bayana ya fara ranƙwafawa. Ta ja awo, ta dubi lambar, ta dubi mijinta, ta ciji leɓe. Ta koma ta shigar. Ruwan da ya shanye hular Dogo, ni a haɓa ya tsaya mini.

"Ɗankwali ne," in ji shi.

Na cire ɗankwalin. Aka sake. Haɓa dai.

"To in goge nasa, Inna?"

"A'a, bar shi kusa da ni, ki ɗora shi a bayana. Mutane su ga wanda za a fara goyawa in ruwa ya zo. Ai ban manta yadda ake yi ba."

Dogo ya dube ni, ya dubi matarsa da ta kifa kai a tebur kafaɗunta na rawa don dariya. Ya miƙar da hularsa tsaye ƙiƙam, ya yi ɗage, ya taka a kan yatsu har bakin ƙofa, ya fita ya bugo ta garam.