Ciwon Bayan Torleif

Tun kafin su fita daga Trondheim Ragnhild ta ja wa mijinta kunne.

"Torleif, hutu za mu yi, ba taron siyasa ba. Don Allah ka rage bakin nan."

"Ni? Ai yau bebe kika ɗauko," in ji shi. Daga nan har suka hau tsaunuka bai sake yin shiru ba.

Direban bas ne, irin mutanen da in ka tambaye su ƙarfe nawa sai sun ba ka tarihin agogon. Ita kuwa malamar makaranta ce, kuma rabonta da aji tun watan Mayu. Wata safiya ta ajiye mota a bakin makaranta, ta kasa buɗe ƙofa, ta zauna tana kuka ba ta san dalili ba. Likita ya ce gajiya ce ta cinye ta, ya ba ta dogon hutu. Abu ɗaya ta roƙi Torleif: kada kowa ya ji, ko da yayarta Turid ce. Amma ba a yi mako ba maƙwabta suka fara yi mata kallon tausayi. Wata har miya ta kawo, tana cewa, "Sannu da fama, Ragnhild." Ba ta tambaye shi ba, me za ta tambaya? Ta dai ƙulle abin a ranta, kuma tun lokacin ba ta sake yi masa hirar da ta wuce ta cefane ba.

Gidan Borghild, tsohuwar da suka kama ɗaki a wurinta, na katako ne, ja, ciyawa ta tsiro a rufinsa kamar kan da ya daɗe bai ga aski ba. Ɗakin sama take ba baƙi, ita da su kuma tebur ɗaya. Tsohuwar ta tarye su tana dogara sanda, gajeruwa, fuska ba fara'a, amma kafin su gama cire takalma ta jere musu waina mai zafi da cuku mai ruwan ƙasa da kofi baƙi wuluk. Torleif ya shigo dafe da ƙugu yana nishi. Sabon salon da ya ɗauko ke nan 'yan watannin nan, da ya ga mutane sai bayansa ya tashi. Ragnhild ta kau da kai don takaici, don da idonta ta ga ya cicciɓi jakunkuna biyu daga mota ko gezau.

Ta yi barcin da ta manta akwai irinsa a duniya. Da safe ƙararrawar tumaki ce ta tashe ta. Ta sauko ta tarar da Borghild tsaye a taga tana kallon tsauni, bokiti biyu a gefenta.

"Multe sun nuna," in ji tsohuwar ba ta juyo ba. "In aka kai jibi sun narke. Ni kuma ƙarfen da aka sa mini a ƙugu ya ce ba inda za shi."

Duk ɗan ƙasar nan ya san darajar multe, 'ya'yan fadamar tsauni masu ruwan zinare, waɗanda ba a noma su, ba a kuma samun su kowace shekara. Ya kuma san ba a faɗin inda ake tsinko su. Mutum zai ba ka aron motarsa, ya ba ka makullin gidansa, amma fadamarsa sai dai ku rabu. Uwar mijin Borghild ce ta nuna mata tata, ita ma sai da ta ga ta haifi na biyu.

"Ku baƙi ne, gobe kun tafi," ta ce. "Zan gaya muku hanya. Amma za ku wuce ta ƙofar Oddvar, maƙwabcina. Tun muna da baƙin gashi yake bin sawuna. In ya ji, ya ji ke nan, shi da 'ya'yansa da jikokinsa."

Ragnhild ta juyo ta dube ta. "Borghild, kin san wa kike shirin gaya wa? Wannan ko sirrin kyautar Kirsimeti ba ya kwana a cikinsa."

"Haba, matar nan! A gaban mutane?" in ji Torleif.

Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta kwatanta musu hanyar, murya ƙasa-ƙasa, kamar bangon ma ɗan leƙen asirin Oddvar ne. Ta ƙara da cewa kada su taɓa wanda bai nuna ba, wannan abin kunya ne. In sun cika bokiti su rufe samansa da baƙaƙen 'ya'yan daji, waɗanda kowa ke tsinka a bakin hanya.

Tafiyar da nisa. Sun bi rafi, sun haye dutse, sun bar alamar hanya a baya, sai ga fadamar ta buɗe a gabansu, zinare ko'ina a kan gansakuka. Ragnhild ta durƙusa ta sa ɗaya a baki, zaƙi da ɗan tsami, mai ɗumin rana. Ta ji wani abu ya sake a ƙirjinta. Ta yi ta tsinka, gwiwoyi a jiƙe, ba ta tunanin kowa. Shi kuwa mai ciwon baya tsalle yake daga tudu zuwa tudu kamar ɗan akuya, yana yi wa sauro wa'azi.

A dawowa kuwa, ga Oddvar zaune a kan kututture a bakin shingensa, da tulun kofi da kofuna uku. Uku! Wato tun fitarsu yake jira. Ba a ƙin kofin maƙwabci, dole suka zauna. Ba a kuma tambayar mutum fadamarsa kai tsaye, sai dai a zagaya. Oddvar ya dubi bokitan, ya dubi laka a takalmansu.

"Kun sha tafiya, ga alama. Ta wajen tafki iska ta yi yawa yau, ko?"

Ragnhild ta runtse ido. Shi ke nan, ta ce a ranta, fadamar tsohuwa ta tafi.

"Iska?" in ji Torleif, ya dafe ƙugu, ya saki nishi. "Malam, mai baya irin nawa ina ya ga ta iska? Bari in gaya maka yadda abin ya faro."

Ya faro shi daga kujerar bas. Ya bi ta kan likitan da ya danna shi har ya ga taurari, da man zafin da surukarsa ta aiko, da wani fasinja ɗan Bergen da ya rantse kitsen kifi ne maganin. Oddvar ya yi ƙoƙarin sako tafki, aka mayar da shi kan katifa mai tauri. Ya sako rafi, aka kai shi asibiti. Kofi ya huce, tsohon ya fara lumshe ido.

"Ita kuma madam," Oddvar ya yi yunƙurin ƙarshe, "ka ce malama ce, ga shi an koma makaranta, ba ta koma ba?"

"Ina za ta koma ta bar ni? Tun Mayu take jinyata, ko safa ba na iya sa wa kaina. Duk unguwarmu tausayinta ake ji. Yau ma nan gindin tudu ta zaunar da ni, muka ɗan tsinci baƙaƙen nan."

Ragnhild ta ajiye kofinta a hankali. Tun Mayu. Miyar maƙwabciya ta faɗo mata a rai, da sannu da fama, da Turid da ke bugo waya tana cewa, "Yaya mai jikin?" ita kuma tana amsawa a daƙile, a zatonta habaici ne. Ashe duk watannin nan mutumin nan yana yawo a sunkuye a gaban jama'a, yana shan man zafi da shawarwari, don kada ido ya sauka a kanta. Kunya da ƙauna suka taso mata tare, har ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Oddvar ya tattara kofunansa ya yi musu fatan samun sauƙi.

A gida Borghild ta yaye baƙaƙen saman, ta tsaya tana kallon zinaren. Ta ɗauki ɗaya ta sa a baki. Sannan ta buga kirim da sukari, ta zuba musu da babban cokali, abin da ba ta yi sai ranar Kirsimeti.

"Ban ji tsoron bakin mijinki ba," ta ce wa Ragnhild. "Jiya ya cika mini kunne har tumaki suka shigo, amma har yanzu ban san me ya kawo ku ba."

Da yamma suka zauna su biyu a matakalar gida, rana na kan tsauni.

"Torleif."

"Na'am. Na yi surutu da yawa, ko?"

"Ka yi." Ta ɗora hannu a bayansa. "Gobe in mun koma zan kira Turid, in gaya mata da bakina. Ka miƙe haka nan."

Ya dube ta, baki buɗe, karo na farko ba kalma a ciki. Sannan ya miƙe zaune, wani abu ya yi ƙas a ƙugunsa.

"Gara da kika faɗa," in ji shi. "Sunkuyon nan ya fara sa mini ciwon baya na gaske."