Hucin da Zinare Ke Jira

"Ajiye kular abincin ki zo, Fausatu. Numfashi zan ara."

Fausatu ta tsaya a bakin ƙofa. Malam Wahid, maƙwabcinta a benensu na unguwar Old Airport, yana duƙe kan fatar maraƙin da yake rubutu a kai, ƙirjinsa na kuka. Bincike ne ya kawo shi Doha, kan wani Bafaranshe da ya ƙawata littattafai da zinare ɗaruruwan shekaru da suka wuce, ya mutu bai gama shafinsa na ƙarshe ba. Malam ya rantse sai ya kwaikwayi shafin ya ƙarasa masa. Tsohon akwai taurin kai, har na'urar sanyi ya kashe don kar iska ta ɗauke masa zinare.

"Dubi harafin nan," ya ce. "An shafa masa ƙaro ya bushe. Sai an hura masa huci mai ɗumi ya jiƙa, sannan fallen zinare ya kama. Nawa ba ya isa. Harafin nan kaɗai ya rage."

"Baba, shi mutumin a wane harafi ya tsaya?"

Malam ya dubi harafin da ke gabansa.

Tsigar jikinta ta tashi. "Khalas, ya isa haka, Baba, asibiti za mu. Ni ba na ba mamaci numfashina."

Asibitin suka tafi, bai dawo ba. Aka yi masa sutura ranar Laraba.

Abin ya tsaya wa Fausatu a rai. Huci fa kawai bawan Allah ya roƙa, abin da take zubarwa a banza tana faɗa da direban tasi. Ranar Juma'a da hantsi ta karɓi makulli wajen mai gadi ta shiga. Ɗakin zafi, tagogi a rufe, komai yana inda ya bar shi. Ta ɗauko fallen zinare a bakin burushi.

"Ka yafe mini, Baba."

Ta sunkuya, ta ja iska ta cika ƙirji. Kafin ta saki, busasshen ƙaron ya yi duhu a hankali, daga wancan gefen teburin zuwa nata, ya jiƙe.

Ta ɗora zinaren. Ya kama tsaf, ita kuwa numfashinta na nan a ƙirjinta.